Jamus ba ta yi gaggawar sallamar ƙananan jiragen yaƙinta masu gudu ba kuwa?

Dan_Tasha:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so masana su sa mana baki. Ranar 16 ga Nuwamban 2016 Jamus ta rushe runduna ta 7 ta ƙananan jiragen ruwan yaƙi masu gudu, wadda sansaninta ke Warnemünde a bakin Tekun Baltik. Ita ce ta ƙarshe da ta rage. Tun daga ranar sojan ruwan Jamus ba su da irin wannan jirgi ko guda, bayan shekara 60 suna tinƙaho da su. Ni a ganina sun yi garaje. A lokacin Rasha ta riga ta ƙwace Kirimiya tun 2014, kowa na ganin hadari ya haɗu, kuma an kafa rundunar ce tun asali don tsare Baltik daga jiragen Mosko. To yaya za ka watsar da makami daidai lokacin da abokin gabar da ka tanade shi dominsa ya farka? Ko akwai abin da ban gane ba?

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Kafin ku yi nisa, a taimaka wa irinmu. Wane irin jirgi ne wannan? Kwale-kwale mai inji irin na 'yan sintirin Neja Delta?

Malam_Tarihi:
Hajiya, ya fi haka nesa ba kusa ba. Na ƙarshen da runduna ta 7 ta riƙe su ne samfurin Gepard, guda 10, da aka miƙa mata tsakanin 1982 da 1984. Tsawon kowane ya kai mita 57 da ɗoriya, nauyinsa wajen tan 390, mutanen cikinsa talatin da 'yan kai. Injin dizal huɗu yake da su, gudunsa ya kai kilomita 74 a awa, wanda a kan ruwa gudu ne na fitar hankali. Yana ɗauke da makamai masu linzami na Exocet guda huɗu, da igwa mai bakin milimita 76, kuma yana iya shuka nakiyoyi a ruwa. Wato ƙaramin jirgi ne da zai iya nutsar da wanda ya ninka shi goma.

Ita rundunar an kafa ta ne a Kiel ranar 1 ga Afrilun 1961. Da samfurin Zobel ta fara, masu harba tofido. Kuma ba ita kaɗai ba ce. A tsakiyar shekarun 1980 Jamus ta Yamma na da runduna huɗu, ta 2 da ta 3 da ta 5 da ta 7, kowace da jirgi goma. Arba'in ke nan, dukansu da makamai masu linzami.

Uwar_Biyu:
Arba'in! Allah ya saka da alheri Malam.

Tsohon_Nebi:
Ɗana Dan_Tasha, tambayarka tana da kyau, amma kana kallon jirgi kamar bindigar da za a goge a rataye. Jirgin da ya fara aiki a 1982, a 2016 shekararsa 34. Ni na yi aikin ruwa har na yi ritaya, kuma na zauna a kan ire-irensu. Ƙaramin jirgi mai gudu yana tsufa da wuri fiye da babba, domin kullum cikin dukan igiyar ruwa yake. Idan ya ɗaga ya faɗo, a ƙashin bayanka za ka ji, to haka shi ma jikinsa ke ji. Ko Rasha ta farka ko ba ta farka ba, waɗannan jiragen sun ci zamaninsu. Tambayar da ta dace ita ce me ya sa ba su ƙera sababbi irinsu ba.

Dan_Tasha:
To Baba, a mayar da ita hakan. Me ya sa ba su ƙera sababbi ba?

Injiniya_Bremen:
Sai an dubi taswira kafin a amsa wannan. Baltik teku ne maras zurfi, matsakaicin zurfinsa bai wuce mita 55 ba, ga tsibirai, ga lungu-lungu. Duk jirgin Sobiyat da zai fita daga Baltik zuwa Atlantika dole ya bi ta mashigan Danmak, kuma mashigin Fehmarn da ke tsakanin Jamus da Danmak faɗinsa wajen kilomita 18 ne kacal. Abin da NATO ke tsoro a lokacin yaƙin cacar baka shi ne a wayi gari sojojin Sobiyat da Polan da Jamus ta Gabas sun sauka a tsibiran Danmak ta ruwa. Aikin waɗannan jiragen shi ne su laɓe a bakin gaɓa, su fito da dare a guje, su harba, su koma. Ba a gina su don su yi mako biyu a teku ba. Kwana biyu ko uku, sai su nemi babban jirgin da ke bin su da mai da abinci da makanikai.

Da bangon Balin ya faɗi a 1989, sai taswirar ta juye. Jamus ta Gabas ta shigo gida, Polan ta shiga NATO a 1999, ƙasashen Baltik uku suka biyo a 2004. Ka ga abin mamaki ma, Warnemünde ɗin da runduna ta 7 ta koma a tsakiyar shekarun 1990, tsohon sansanin sojan ruwan Jamus ta Gabas ne. Wato sun tare a gidan waɗanda aka horar da su su yaƙa. Daga nan aikin da aka gina su dominsa ya ɓace.

Dan_Maradi:
Mu da ba mu da teku sai kallo. Amma ku ci gaba, muna ƙaruwa.

Malam_Tarihi:
Tunda Injiniya ya taɓo asali, bari in ƙara ja baya, don labarin farkonsu ya fi na ƙarshensu daɗi. Kamfanin Lürssen da ke kusa da Bremen shi ya ƙera wa sojan ruwan Jamus na farko a 1930, ya ɗauko fasalinsa daga wani jirgin shaƙatawa da ya yi wa wani attajirin Amurka. A yaƙin duniya na biyu sun addabi Ingila a mashigin da ke tsakaninta da Faransa. Mafi muni shi ne daren 28 ga Afrilun 1944, lokacin da suka faɗa wa ayarin Amurkawa da ke atisaye a gaɓar Devon ta Ingila, na shirin saukar da sojoji a Normandi ta Faransa. Sun nutsar da manyan jiragen dakon soja biyu, Amurkawa 749 suka mutu, aka rufe maganar saboda sirrin saukar da ke tafe.

Bayan yaƙi sai Ingila ta ɗauko wani tsohon kwamandan irin waɗannan jiragen, Hans-Helmut Klose, ta ba shi jirage da matuƙa Jamusawa, da sunan wai suna kare masunta. Ainihin aikinsu kuwa safarar 'yan leƙen asiri ne zuwa gaɓar Latbiya da Lituweniya da Istoniya da Polan, daga 1949 zuwa 1955. Aikin bai yi albarka ba, don Sobiyat ta riga ta kutsa cikin shirin, yawancin waɗanda aka sauke hannunta suka faɗa. Amma mutanen Klose da jiragensu su ne aka kafa runduna ta 1 da su a 1956 da aka buɗe sabuwar rundunar ruwan Jamus ta Yamma. Shi kansa Klose ya kai matsayin kwamandan dukan jiragen yaƙin ƙasar a shekarun 1970.

Yar_Zazzau:
Malam, tsaya. Wato wanda ya yi wa Hitila yaƙi, shi ne Ingila ta ɗauka aiki bayan shekara huɗu?

Malam_Tarihi:
Ƙwarai kuwa. Kuma ɗaya daga cikin jiragen da suka ba shi, S-130, yana cikin waɗanda suka kai harin Devon ɗin. Har yau yana nan a Ingila ana ta gyaransa don tarihi.

Yar_Zazzau:
Siyasar duniya ke nan. Ba ta da maƙiyi na dindindin.

Sarkin_Musu:
Ni ina bayan Dan_Tasha, kuma hujjata tarihi ne ba taswira ba. Ranar 21 ga Oktoban 1967 ƙananan jiragen Masar samfurin Komar, daga bakin tashar Port Said, suka nutsar da babban jirgin yaƙin Isra'ila Eilat da makamai masu linzami na Styx. Mutum 47 suka mutu. Duniya ta girgiza. Shekara huɗu bayan haka, daren 4 ga Disamban 1971, jiragen Indiya uku samfurin Osa, Nipat da Nirghat da Veer, suka kai wa Karachi hari, suka nutsar da Khaibar da Muhafiz na Pakistan, suka juya kafin gari ya waye. Har yau 4 ga Disamba ce ranar sojan ruwan Indiya. A 1973 Isra'ila da kanta ta yi wa Siriya haka a Latakiya. Ina babban jirgin da ya taɓa yin irin wannan ɓarna da kuɗi kaɗan haka?

Injiniya_Bremen:
Sarkin_Musu, ka tsaya a 1973 saboda nan labarin ya yi maka daɗi. Ƙarasa mana. A Maris ɗin 1986 jiragen saman Amurka suka nutsar da irin wannan jirgi na Libiya a Tekun Sidra. A Afrilun 1988 Amurka ta nutsar da Joshan na Iran. Sai babbar, ƙarshen Janairun 1991 a kusa da tsibirin Bubiyan, inda jirage masu saukar ungulu na Ingila samfurin Lynx suka yi ta tsintar jiragen Iraƙi ɗaya bayan ɗaya da makamin Sea Skua. Cikin waɗanda aka lalata har da ƙirar Lürssen da Iraƙi ta ƙwace daga Kuwait. Jiragen Iraƙin ba su nutsar da ko jirgi ɗaya na abokan gaba ba. Matsalar ita ce radar ƙaramin jirgi ba ta da tsawo, ba ya hango nesa, kuma ba shi da wurin ɗora makaman kare kai daga sama masu yawa. Gudun kilomita 74 ba komai ba ne a gaban jirgi mai saukar ungulu.

Sarkin_Musu:
Iraƙi ba ta da kariya ta sama a lokacin, an riga an karya mata fuka-fuki. Ko babban jirgi ka saka a wurin haka zai ƙare. Kuma ai Jamus ta koyi darasin, ta ɗora wa Gepard makamin kakkaɓo makamai masu linzami na RAM, mai baki 21. Kada ka haɗa su da na Saddam.

Injiniya_Bremen:
An ɗora, gaskiya ne. Amma RAM na kusa ne, yana tare abin da aka harbo maka, ba ya kai wa ga wanda ya harbo.

Tsohon_Nebi:
Ku biyun kuna ta lissafin makamai, kun manta da mutum. Bari in gaya muku yadda zama a ciki yake. Idan teku ya tashi, mai dafa abinci ba ya iya ɗora tukunya. Biskit da ruwa, shi ke nan. Sabon yaro kuwa, ranar farko bokiti ne abokinsa, har wanda ya shekara goma wani lokaci sai ya amayar. Barci babu, don gado yana jefa ka. Ƙarar inji huɗu a ƙarƙashinka, sai da alama ake magana a ɗakin inji. Bayan kwana uku a haka, ko wane irin horo gare ka, idonka ba ya karanta rada daidai. Shi ya sa duk wanda ya ce a tura ƙaramin jirgi sintirin wata guda, na san bai taɓa hawa ba.

Sai dai akwai abin da babban jirgi ba shi da shi. Mu talatin da wani abu ne, kwamanda ya san sunan matar kowa da 'ya'yan kowa. Hafsa da kurtu kwano ɗaya. Matashin hafsa yana samun jirgin kansa tun yana da ƙuruciya, ya koyi yanke shawara shi kaɗai cikin dare. Wannan makarantar ita ce babbar asarar da Jamus ta yi, ba ƙarfen ba.

Uwar_Biyu:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni ko kwale-kwalen Yawuri na hau sai da na yi ta salati.

Bakanike_Sabon_Gari:
Baba ya ce ƙarfe, ni kuma na ji an ce jikinsu na katako ne. Da gaske? A 1982?

Injiniya_Bremen:
Da gaske ne, Maigida. Ƙashin jirgin na alminiyon ne, fatar kuma katako aka jera hawa-hawa aka manne. Dalili biyu: ba shi da nauyi, kuma nakiyoyin ruwa masu jin maganaɗisu ba sa saurin jin sa, ga Baltik cike da barazanar nakiya. Na je na ga S71 Gepard da idona a gidan tarihin sojan ruwa na Wilhelmshaven, yana kusa da babban jirgin nan Mölders, ana shiga ciki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗakin inji ya cinye tsakiyar jirgin kusan gaba ɗaya, mutane kuma an cusa su a abin da ya rage. Wurin kwanan kurata in ka miƙe da sauri sai ka fasa kai. Kuma wannan katakon yana cikin abin da ya sa riƙe su ya yi tsada daga baya, don masu iya gyaransa sun yi ƙaranci.

Bakanike_Sabon_Gari:
Inji huɗu a jirgi ɗaya, jirgi goma, inji arba'in ke nan na runduna ɗaya. Kowane silinda 16. Ni da nake fama da shida a tirela na san abin da ake nufi. Allah ya jiƙan masu wanke nozul.

Dan_Zongo_Takoradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa, na shigo a makare. Ku da kuke cewa sun tsufa, mu nan Ghana tsofaffin muka saya. A 2012 aka ƙaddamar da guda biyu a Sekondi, tsofaffin jiragen rundunar Jamus ne da aka gyara, aka sa musu suna Yaa Asantewaa da Naa Gbewaa. Sintiri aka sayo su yi, saboda man da aka fara haƙowa a rijiyar Jubilee a 2010 da kuma masu satar kifi. Tunisiya ma ta kwashi shida a 2005. Kafin su muna da Achimota da Yogaga, su ma ƙirar Lürssen. To in ba su da amfani me ya sa ake rububinsu?

Injiniya_Bremen:
Ɗan'uwa, kai da bakinka ka ce sintiri. Korar masu satar kifi daban, fuskantar jiragen yaƙin Rasha daban. Kuma araha ce ta sa ake saye, ba wai sun fi dacewa ba. Inji huɗu masu shan mai kamar me don bin jirgin kamun kifi, ai asara ce.

Dan_Zongo_Takoradi:
Da hanau gara mannau.

Malam_Tarihi:
Tunda an zo gida, Najeriya ma ta shiga wannan yayi. Bayan abin da ya faru da Eilat kowace ƙasa mai ɗan kuɗi ta so nata. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin kuɗin mai, aka yi odar shida, suka iso farkon shekarun 1980. Uku daga Lürssen, Ekpe da Damisa da Agu, masu makamin Otomat na Italiya. Uku daga Cherbourg ta Faransa, Siri da Ayam da Ekun, masu Exocet. Tsawonsu kusan ɗaya da Gepard. A Agustan 1990 Ekpe da Damisa suna cikin ayarin ECOMOG da ya shiga Monrobiya tare da Ambe mai dakon soja, da Achimota da Yogaga da ɗan'uwanmu na Takoradi ya ambata.

Kuma wannan masana'anta ta Cherbourg ita ce wadda Isra'ila ta sulale da jirage biyar daga tasharta a daren Kirsimetin 1969, bayan Faransa ta hana a ba ta su duk da ta biya. Suka bi ta Jibralta har Haifa. Zanen waɗannan ɗin ma na Lürssen ne. Duk inda ka juya a wannan labari sai ka ci karo da kamfanonin nan biyu.

Sarkin_Musu:
To ina shidan namu yanzu?

Tsohon_Nebi:
Wannan kuma wata muhawarar ce, ɗana. Abin da zan ce kawai, kuma ya shafi kowace ƙasa: makami mai linzami yana da wa'adi kamar magani. In ba a mayar da shi an duba ba, ranar da ka danna ba zai tashi ba. Injin dizal na kamfanin MTU da ke cikin irin waɗannan jiragen kuma yana da awannin da in ya cika dole a sauke shi gaba ɗaya. Kuɗin sayen jirgi shi ne ƙaramin kuɗi.

Dan_Maradi:
Baba, a tafkin Chadi fa? Can ai ƙananan ake buƙata, ko?

Tsohon_Nebi:
Can ba irin waɗannan ba. Ruwan bai kai ba, ga ciyawa tana naɗe farfela. Masu lebur ɗin ciki da injin rataye ake amfani da su a wajen Baga.

Dan_Tasha:
Jama'a mun tafi Monrobiya mun dawo ta Baga. A dawo Baltik don Allah. Injiniya ya ce aikinsu ya ɓace bayan 1989. Amma ai sun ƙara shekara 27 bayan nan. Me suke yi a ciki in ba su da amfani?

Injiniya_Bremen:
Aikin da ba nasu ba. A 2002, bayan harin 11 ga Satumba, aka kai wasunsu Jibuti. Jirgin da aka gina don sanyin Baltik aka kai shi zafin Bahar Maliya, ba su daɗe ba aka dawo da su. Daga baya suka yi rakiyar jiragen kasuwa a mashigin Jibralta. Mafi tsawo shi ne Lebanon: daga 2006, bayan yaƙin Isra'ila da Hizbullah, suna sintiri ƙarƙashin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta UNIFIL don hana shigo da makamai ta ruwa, sansaninsu a Limassol ta Saifurus. Can ne ma biyu daga cikinsu, Gepard da Frettchen, suka yi karo da juna a 2007. Duk wannan aikin na yawo a hankali ne kana tambayar jiragen kasuwa sunansu da inda suka nufa. Exocet bai da rana, gudu bai da rana, sai dai injin ya yi ta lalacewa, don dizal mai ƙarfi ba ya son tafiyar hawainiya.

Shi ya sa Jamusawa suka koma ga samfurin Braunschweig, K130. Tsawonsa wajen mita 89, nauyi sama da tan 1,800, gudu kilomita 48 a awa. Ya fi jinkiri, amma yana jure teku, yana da filin saukar jirgi mai saukar ungulu, makaminsa na RBS15 kuma ya ninka Exocet ɗin Gepard nisa sau da yawa. Rundunonin ƙananan jiragen kuma suka yi ta rufewa: ta 3 a 1998, ta 5 a 2002, ta 2 a 2006.

Sarkin_Musu:
Faɗi duka mana. K130 guda nawa aka yi? Biyar. Jirgi 40 aka maye da biyar, kuma biyar ɗin suka shekara da shekaru suna fama da matsalar giya kafin su fara aiki sosai. Sannan a 2017, shekara ɗaya tak da rufe runduna ta 7, Jamus ta yi odar ƙarin biyar cikin gaggawa. In ba su ji giɓin ba me ya kai su? Jirgi komai kyansa ba ya zama a wuri biyu lokaci ɗaya.

Dan_Tasha:
Yawwa! Abin da nake nufi ke nan tun farko.

Malam_Tarihi:
A nan Sarkin_Musu yana da gaskiya a kan adadi, amma ku lura da abin da suka yi oda. Da suka ji giɓin, K130 suka ƙara, ba su koma ga ƙananan ba. Wato sun yarda jiragensu sun yi kaɗan, ba su yarda sun zaɓi samfurin da bai dace ba.

Yar_Zazzau:
To maƙwabtansu fa? Kowa ya watsar?

Injiniya_Bremen:
Danmak ta watsar, ta koma manya. Finlan tana riƙe da samfurin Hamina guda huɗu. Norwe tana da Skjold guda shida, waɗanda gudunsu ya haura kilomita 100 a awa. Amma dubi gaɓarsu: Finlan dubban tsibirai, Norwe kwazazzaban ruwa tsakanin duwatsu. Akwai wurin ɓuya. Gaɓar Jamus shimfiɗaɗɗiya ce, kuma fagen dagar ya matsa gabas da ɗaruruwan kilomita, yanzu yana wajen Istoniya da tsibirin Gotland. Finlan ta shiga NATO a 2023, Suwidin a 2024. Abin da ake so daga Jamus yanzu shi ne ta raka ayari zuwa can ta kuma tsare bututu da wayoyin ƙarƙashin teku. Kun ga abin da ya sami bututun gas na Nord Stream a Satumban 2022, da wayar lantarkin Estlink 2 a Disamban 2024. Gadin waya yana son jirgin da zai yi kwanaki a tsaye a wuri ɗaya.

Sarkin_Musu:
Gadin waya aikin zaman lafiya ne. Ina maganar ranar da aka fara harbi.

Tsohon_Nebi:
Ranar da aka fara harbi, ɗana, dubi Bahar Aswad. Ukraine kusan ba ta da jiragen yaƙi, amma a Afrilun 2022 ta nutsar da Moskva, babban jirgin yaƙin Rasha, da makami daga kan tudu, a bayan mota. Farkon Fabrairun 2024 kuma ƙananan kwale-kwale marasa matuƙi suka nutsar da Ivanovets na Rasha, wanda shi kansa jirgin makamai masu linzami ne mai gudu, ɗan'uwan waɗanda muke magana. Aikin laɓewa a gaɓa a fito a harba yana nan bai mutu ba. Sai dai yanzu ba a sa yara talatin a ciki.

Dan_Tasha:
Baba, wannan ai hujjata ce. Dabarar tana nan, kenan da sun riƙe rundunar da mutanenta da suka san dabarar, sai a sauya musu kayan aiki. Yanzu sai sun faro daga tushe.

Tsohon_Nebi:
Rabin hujjarka ce. Ka ce a riƙe jiragen, ni na ce mutanen.

Injiniya_Bremen:
Mutanen ba su watse ba ai, da yawansu K130 suka koma, a Warnemünde ɗin dai. Kuma tsarin da sojan ruwan Jamus suka fitar a 2023 na shekarar 2035 ya ƙunshi jirage marasa matuƙi da za su yi aiki tare da K130. Ko za su iso a kan lokaci, wannan kuma sai wanda ya san yadda sayen kayan soja ke tafiya a ƙasar nan ya yi dariya.

Bakanike_Sabon_Gari:
Ni tambayata ɗaya. Maras matuƙin nan in injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa, wa zai sauka ya duba fanfon mai?

Dan_Zongo_Takoradi:
Babu. Shi ya sa ake yin sa da araha, in ya mutu a bar shi.

Sarkin_Musu:
Na Ukraine ne ake bari, don bam ne mai inji, tafiya ɗaya zai yi. Wanda Jamus ke magana babba ne mai ɗaukar makamai da rada, ba za ka bar wa Rasha shi ta ja zuwa Kaliningrad ta buɗe ba. Injiniya, kai da kake kusa, in sun fara gwada shi a ruwa ka sanar da mu girmansa da yawan injinsa.